Kalandar makarantar yara ta fito: ina matsayin Sallah da 1 ga Oktoba?

Maman 'Yan Biyu:
Assalamu alaikum iyaye. Ina kwananku, ya hutu da yara? Jiya da daddare makaranta ta turo kalandar shekarar karatu ta 2025/2026. Na zauna na bi ta tun daga Satumba har Yuli, kuma wallahi raina bai kwanta ba.

Ga abin da na gani. 31 ga Oktoba an rubuta Halowin, bikin Turawa da yara ke shigar fatalwa, da manyan baƙaƙe, har da sanarwar cewa yara su fara haɗa kayan da za su sa tun saura mako biyu. 5 ga Nuwamba daren wasan wuta. 11 ga Nuwamba ranar tunawa da sojoji, za a sayar wa yara jan fure na takarda su maƙala a ƙirji. Disamba daren waƙoƙi, gwajinsa tun tsakiyar Nuwamba. Sai na nemi Ƙaramar Sallah. Tana can ƙasa da ƙananan baƙaƙe, da ɗan tauraro a gefe, wai ranar tana iya canzawa. Babbar Sallah ma haka. 1 ga Oktoba kuwa kalma biyu ce kacal: babu makaranta.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne watan Maris. A lissafi Sallah za ta kama wajen Juma'a 20 ga wata, su kuma sun sa jarrabawar ƙarshen zango ta fara Litinin 23. Gasar guje-guje kuma farkon Maris, tsakiyar azumi, cikin zafin Abuja da kowa ya sani. Mu da muke zuwa Katsina yin Sallah gaban iyaye, yaya ake so mu yi?

Baban Ummi:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ki yi haƙuri, zan faɗi abin da ba lallai ya yi daɗin ji ba. Da ƙafarmu muka kai yaran nan. Ranar da muka je neman gurbi an gaya mana manhajar Ingila ake bi, muka sa hannu, muka biya. Duk wanda ya zaɓi makarantar ƙasa da ƙasa ya san da al'adunta take zuwa. Kuma ai ba su hana hutun Sallah ba, duk ranar da gwamnati ta bayar suna rufewa. Ni dai karatun nake dubawa, Sallah kuwa a gida ake koyar da ita.

Maman 'Yan Biyu:
Alhaji, na sa hannu a kan manhaja, lissafi da kimiyya da Turanci. Ban tuna na sa hannu a kan 'ya'yana su yi shigar fatalwa ba.

Malamar Lissafi:
Bari in sa baki, tunda ina koyarwa a irin wannan makaranta, ko da yake ba taku ba, kuma na taɓa zama cikin kwamitin da ke tsara kalanda.

Maganar tauraro tukuna, don a nan ban ga laifinsu ba. Makaranta ba ta da ikon buga ranar Sallah ta ce tabbas. Sai an ga wata, Mai Alfarma Sarkin Musulmi ya sanar, ita kuma Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta fitar da ranakun hutu, sau da yawa saura kwana biyu ko uku. Ku tuna Afrilun 2024. Gwamnati ta ba da hutun Talata 9 da Laraba 10 ga wata, sai ba a ga wata ba, azumi ya cika talatin, Sallah ta koma Laraba, dole aka ƙara Alhamis 11. A makarantarmu sai da muka tura wa iyaye saƙo sau biyu cikin kwana uku, masu motar ɗaukar yara da masu girki duk sun rikice. To shi ya sa ake sa tauraron.

Na biyu, yawan kwanakin karatu. A Ingila makarantun gwamnati kwana 190 yara ke yi a aji, na Amurka wajen 180. Makarantun da ke bin tsarinsu a nan suna ƙoƙarin kada su yi ƙasa da haka sosai, don masu zuwa duba su suna tambaya. Duk kwanan da aka ƙara wa hutu, sai an nemo shi a wani wuri.

Amma jarrabawar 23 ga Maris, wannan kam sakaci ne. Jarrabawa ce ta cikin gida, su ke tsara ta. Sun ɗora zangon ne a kan Ista, wadda za ta kama 5 ga Afrilu, suka ƙirgo baya, ba wanda ya buɗe kalandar Musulunci ya duba. Tauraro yana nufin kwana ɗaya gaba ko baya. Ba ya nufin ba a san makon ba.

Hajiya Babba:
Allah ya saka da alheri Malama. Wannan jimlar taki ta ƙarshe ita ce maganar.

Tsohon Hedimasta:
Salamu alaikum 'ya'yana. Jikata ce a makarantar, uwarta ta sa ni cikin zauren nan, yawanci karantawa kawai nake yi. Yau dai zan yi magana.

Shekarar wata kwana 354 ce ko da ɗaya, ta rana 365. Saboda haka kowace shekara Sallah tana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya, sai ta yi wajen shekara 33 ta zagayo inda ta taso. Wannan lissafi ne da ɗan aji shida zai iya. Bana, 2025, Ƙaramar Sallah ta kama 30 ga Maris, Babba 6 ga Yuni. Cire sha ɗaya ko goma, ga ta baɗi nan. A shekarar 2000 mun yi Ƙaramar Sallah sau biyu, ɗaya farkon Janairu, ɗaya kwana biyu bayan Kirsimeti, kuma in Allah ya kai mu 2033 za a sake ganin irin haka. Lokacin da nake riƙe da makaranta, kafin in ja layi ɗaya a jadawali sai na ajiye kalanda biyu a gabana. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Amma abin da ya tayar da ni shi ne jan furen nan na 11 ga Nuwamba. Ranar ce aka tsagaita wuta a Yaƙin Duniya na Ɗaya, 1918, kuma Ingila da ƙasashe da dama suna tunawa da matattunsu a ranar. Ba laifi. Sai dai Najeriya tana da tata ranar, 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Na duba kalandar da kuka turo, 15 ga Janairu Alhamis ce, fili fetal, ba a rubuta komai ba.

Kuma ko a Nuwambar, wa ake gaya wa yaran ya mutu? Ƙanin mahaifina yana cikin waɗanda aka kwasa zuwa Burma a yaƙin Hitila. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, cike suke da 'yan Arewa, har Hausa ce harshen da ake magana da ita a bariki. Ya dawo da ciwon ƙafa da bai rabu da shi ba har ya koma ga Allah. Bara jikata ta zo mini da furen a rigarta, na tambaye ta na mene ne, ta ce na sojojin Ingila ne. Ban ga laifinta ba. Abin da aka gaya mata ke nan. Na zaunar da ita na ba ta labarin kakanta, ta yi shiru, sannan ta ce me ya sa malaminsu bai sani ba.

Maman 'Yan Biyu:
Allah ya jiƙansa Baba, ya sa ya huta. Wallahi ni kaina ban san 15 ga Janairu da wannan ma'anar ba, ina dai ganin ana ajiye furanni a talabijin.

Baban Ummi:
Ranka ya daɗe Baba, na karɓi wannan. Amma a yi adalci. Makarantun gwamnatinmu ma an yi shekaru ba a koyar da tarihi a matsayin darasi mai zaman kansa. Je ka tambayi ɗan makarantar unguwa mene ne 15 ga Janairu, ba lallai ya sani ba. Kada mu ɗora wa baƙi laifin abin da mu ma muka yi watsi da shi.

Tsohon Hedimasta:
Gaskiya ne Alhaji. Shi ya sa ban ce a zage su ba. Cewa na yi a gaya musu.

Kawun Yara:
Ni ban ga abin dogon turanci a nan ba. Makarantar da za ta sa ɗan Musulmi ya yi shigar aljanu, a cire shi kawai. Ga makarantu nan masu haɗa boko da Islamiyya, Alhamis da Juma'a ma wasu suna tashi da wuri. Ana neman duniya ana zubar da tarbiyya.

Mai Kula da Zaure:
Kawu, a sassauta harshe don Allah. Kowa a nan yana son tarbiyyar ɗansa, kuma kowa da dalilin da ya kai shi makarantar. Akwai waɗanda aiki ke yawo da su ƙasa zuwa ƙasa, dole sai manhajar da yaro zai ci gaba da ita duk inda aka je.

Maman Alheri:
Sannunku iyaye. Ni Kirista ce daga Kudancin Kaduna, 'yata tana aji ɗaya da 'yan biyun Hajiya. Ina so ku sani cewa Halowin ba bikinmu ba ne. A cocinmu ba a yin sa, iyayena ba su taɓa jin sunansa ba. Asalinsa tsohuwar al'adar mutanen Ayalan da Sikotilan ce ta ƙarshen kaka, daga baya ta haɗu da jajiberin ranar tsarkaka ta 1 ga Nuwamba, Amurkawa suka mayar da ita harkar alewa da kabewa. Bara ban bar 'yata ta je ba, ta yi kuka har ta gaji, don an yi mako biyu ana ƙawata aji da ita. Saboda haka a wannan muna tare.

Abin da nake roƙo shi ne, in za a rubuta wa makaranta, kada a rubuta kamar ana cewa a rage Kirsimeti a ƙara wa Sallah. In aka bi ta nan, iyaye za su rabu gida biyu, makaranta ta ce ku je ku daidaita tukuna. Kun tuna farkon bana da jihohin Bauchi da Katsina da Kano da Kebbi suka rufe makarantu saboda azumi, ƙungiyar Kiristoci ta CAN ta nuna rashin yarda, aka yi ta cacar baki a rediyo da Facebook. Ina da 'yan uwa a Bauchi, yaransu sun zauna gida makonni. Ban kawo wannan don tsokana ba. Na kawo ne don ku ga cewa kowa yana jin zafi in aka tsara kalanda kamar ba ya nan.

Maman 'Yan Biyu:
Maman Alheri, Allah ya bar zumunci. Ni ban nemi a taɓa Kirsimeti ba ko da kwana ɗaya. Ke kin san duk shekara sai kin aiko mana da cincin, mu ma naman layya ba ya wuce ƙofarki. Abin da nake so, yadda 'ya'yana suka san waƙoƙin Disamba, ita ma Alheri ta san dalilin da ya sa ake yanka rago.

Kawun Yara:
Rufe makarantu da azumi ai daidai ne, yara suna wahala.

Malamar Lissafi:
Kawu, a nan ba na tare da kai. Wata guda cur ba karatu, ga masu WAEC da JAMB a gaba, asara ce. Rage awanni ya wadatar, a tashi da wuri, a ɗage wasannin motsa jiki zuwa bayan Sallah. Ba kuma shi ne abin da Hajiya ta kawo ba.

Tsohuwar Ɗaliba:
Ina wuni iyayena. Ni yayar ɗaya daga cikin yaran ce, Mama ta ce in riƙa bin zauren a madadinta. Irin wannan makarantar na yi tun daga firamare har na gama, don haka bari in faɗi yadda abin yake daga ciki.

Har yau zan iya ba ku labarin 5 ga Nuwamba ba tare da na duba ko'ina ba. Shekarar 1605, Guy Fawkes da abokansa, gangunan albarushi a ƙarƙashin majalisar dokokin Landan, Sarki James na Ɗaya. Mun zana shi, mun yi wasan kwaikwayonsa, mun tsaya a fili da daddare ana harba wuta sama. Amma 12 ga Yuni, sai da na shiga jami'a wata ƙawata ta yi mini bayanin zaɓen 1993 da aka soke, da Abiola, da yadda Shugaba Buhari ya sanar a 2018 cewa Ranar Dimokuraɗiyya ta tashi daga 29 ga Mayu ta koma nan. Na ji kunya sosai ranar. A wurina da can, 12 ga Yuni da 1 ga Oktoba ranakun barci ne da kallon talabijin.

Abin da nake so iyaye su gane shi ne, yaro ba ya auna muhimmancin rana da hutu. Yana auna shi da shirin da aka yi mata. Ranar da aka yi mako biyu ana yanka takarda, ana gwajin waƙa, malama tana tambaya kin kawo kayanki, ita ce babbar rana a idonsa. Ranar da aka ce kawai kada ku zo, ba ta shiga kansa. Saboda haka ko da an ƙara mana kwana uku a hutun Sallah, in ba a taɓa ambatonta a aji ba, ba a gyara komai ba.

Akwai kuma ranar al'adun ƙasashe da ake yi kusa da 24 ga Oktoba, ranar Majalisar Ɗinkin Duniya. Ina son ranar ƙwarai, a nan na fara cin abincin Indiya da na Lebanon. Amma ku duba: Najeriya rumfa ɗaya ake ba ta, daidai da ƙasar da ke da yara biyu a makarantar. Mu da muka fi yawa sai mu cusa Hausa da Yarbanci da Ibo da Tibi da Fulatanci a tebur guda, a ɗora dambun nama kusa da shinkafa dafa-duka, shi ke nan an gama da mu sai baɗi. Ranar kaɗai ce nake sa atamfa da lalle in je makaranta ba a ce na karya doka ba. A garinmu, a ƙasarmu.

Hajiya Babba:
Kai, yarinyar nan kin sa ni hawaye. Allah ya yi miki albarka.

Baban Ummi:
'Yata, na ji ki, kuma maganarki ta fi tawa nauyi tunda ke kika zauna a ajin. Tambaya ɗaya: da iyayenki sun zaunar da ke a gida sun gaya miki 12 ga Yuni, ai da kin sani ko?

Tsohuwar Ɗaliba:
Da na sani Baba. Amma daga bakwai da rabi na safe zuwa uku na yamma ina makaranta, in na dawo ga aikin gida, ga Islamiyya. Kuma abin da malami ya faɗa gaban abokanka daban yake da abin da Mama ta faɗa a kicin. Na gida kana ɗaukarsa namu ne mu kaɗai. Na makaranta kana ɗaukarsa na duniya ne.

Hajiya daga Jidda:
Salam 'yan uwa. Mun bar Abuja shekara uku ke nan amma ban fita daga zauren ba. Yarana a nan ma makarantar manhajar Ingila suke, jarrabawar Cambridge ɗin nan dai ita za su rubuta. Amma kalandar ta bi ƙasar da take ciki. Hutun mako Juma'a da Asabar ne. Sallah biyu ana ba da hutu mai tsawo. 23 ga Satumba, ranar ƙasa ta Saudiyya, tun ana saura kwanaki yara ke shiri, kowa da kore da fari, har ɗan Filifin da ɗan Ingila sun san a 1932 aka haɗe masarautar. Tun 2022 kuma aka ƙara 22 ga Fabrairu, ranar kafuwar daular. Ba wanda ya ce takardar shaidarsu ta rage daraja saboda haka. Don haka zancen wai manhaja ce ta hana, ban yarda da shi ba. Manhaja daban, kalanda daban.

Ko a Amurka, birnin New York tun 2015 makarantun gwamnati ke rufewa ranar Sallah ƙarama da babba. Iyaye ne suka yi shekaru suna nema har aka ba su.

Ɗan Damagaram:
Gaisuwa ga kowa. Ni ɗan Nijar ne, aiki ya kawo ni Abuja, yarana biyu suna makarantar. Ina goyon bayan Malama a kan tauraro, har ma in ƙara. A Afrilun 2024 ɗin da ta ambata, mu a Nijar Talata aka yi Sallah, nan kuwa Laraba. Mahaifiyata ta kira tun da safe tana yi wa jikoki barka da Sallah, mu kuma muna ɗauke da azumi. Makarantar da ke da yaran ƙasashe da yawa ba za ta iya bin kowa ba, dole ta bi ƙasar da take zaune. Ban taɓa tsammanin za a rufe don 3 ga Agusta, ranar samun 'yancin kan Nijar, ko 18 ga Disamba, ranar jamhuriya, ba. Amma da za a ce kowane yaro, in ranar ƙasarsa ta zo, a ba shi minti biyar a taron safe ya faɗi abin da ranar take nufi, da ɗana ya gaya musu cewa mu ranar samun 'yancin kai itace muke dasawa. Ko da ta faɗo cikin dogon hutu, a ba shi a makon farko na komawa. Wannan ba ya cin kuɗi, ba ya cin kwanan karatu.

Tsohon Hedimasta:
Madalla da wannan shawara, Malam.

Maman Sadiƙu:
Ni damuwata daban ce, ku gafarce ni. Ɗana yana shekarar ƙarshe, zai rubuta IGCSE, jarrabawar Cambridge ta sakandare. Babbar Sallah a lissafi wajen Laraba 27 ga Mayu. In takarda ta faɗo ranar fa? Ko ranar Arfa?

Malamar Lissafi:
Maman Sadiƙu, wannan ita ce wadda makaranta ba ta da iko a kanta. Jarrabawar Cambridge ta tsakiyar shekara tana farawa ne daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen tsakiyar Yuni, kuma su ke tsayar da rana da lokaci ga ƙasashe da yawa a tare, don kada wanda ya riga ya rubuta ya tura wa wanda bai shiga ba. Shugabar makaranta ba za ta iya matsar da takarda da kanta ba. Bana ma Sallar 6 ga Yuni cikin lokacin jarrabawar ta faɗo, kuma shekaru masu zuwa Babbar Sallah za ta ci gaba da zama cikin Mayu kafin ta gangara Afrilu. Shawarata, jadawalin yana fitowa watanni kafin lokaci. Ki nemi jami'in jarrabawa na makaranta ya ba ki tun da wuri, ki ɗora shi kan kwanakin Sallah. In akwai karo, a san da shi tun yanzu: a yi Sallah a Abuja, a shirya wanda zai kai yaro daga masallacin idi, makaranta kuma ta tabbatar akwai masu sa ido da za su zo aiki ranar. Kada ki sayi tikitin tafiya gida sai kin ga jadawalin.

Maman Sadiƙu:
Na gode Malama. Kakarsa ba za ta ji daɗi ba, shi ne babban jikanta, shi ke riƙe wa kakansa rago. Amma ba yadda za a yi.

Maman 'Yan Biyu:
To iyaye, kada maganar ta tsaya a waya. Malama, ke kika san yadda ake shigar da irin wannan. Me za mu nema wanda za su iya yi?

Malamar Lissafi:
Ku nemi abin da ke hannunsu. Jarrabawar Maris a dawo da ita kafin goman ƙarshe na azumi, ko a fara ta Laraba 25 maimakon Litinin, don masu tafiya su dawo su huta. Gasar guje-guje a kai ta ƙarshen Janairu ko farkon Fabrairu, lokacin da sauran sanyi, kafin azumi ya kama wajen 18 ko 19 ga Fabrairu. Waɗannan biyun ba su rage kwana ko ɗaya ba, ba su da hujjar ƙi.

Sannan maganar ƙanwata Tsohuwar Ɗaliba, wadda a ganina ita ce babba. 1 ga Oktoba bana Laraba ce, Najeriya na cika shekara 65. A ware Litinin da Talata kafin ta, a yi abin da ake yi wa sauran bukukuwa: zane, wasan kwaikwayo, a gayyato dattijo ya yi magana. Haka 15 ga Janairu da 12 ga Yuni, ko da taron safe ne kawai. Makon da yara suka dawo daga kowace Sallah a ba su rana ɗaya su sa kayan Sallarsu, a yi bayanin azumi da layya, a nuna musu hawan Daushe da hawan Nasarawa. Hawan Sallar Kano fa UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a Disambar 2024, malamin da ya zo daga waje zai so ya san shi. Ga kuma 21 ga Fabrairu, ranar harshen uwa, wadda ita ma ta UNESCO ce, makarantar ƙasa da ƙasa ba ta da dalilin tsallake ta. Ranar Hausa ta 26 ga Agusta tana faɗowa cikin hutu, sai a haɗa a nan.

Abu na ƙarshe, ku nemi a sa iyaye biyu cikin kwamitin kalanda, Musulmi da Kirista. In ba haka ba baɗi ma sai mun sake wannan zaman.

Kawun Yara:
Halowin fa? Kun bar shi ke nan?

Maman Alheri:
Ni da za a bi tawa, a mayar da shi bayan an tashi, wanda ke so ya kawo ɗansa. Kada a yi shi cikin lokacin aji, kada a ƙawata ajin da kowa ke zama.

Baban Ummi:
Wannan zan sa hannu a kai. Amma in aka rubuta a soke shi gaba ɗaya, ba da ni ba. Akwai iyayen da bikinsu ne, su ma kuɗi suka biya, kuma in muka fara soke na wasu, gobe wani zai ce a soke ranar kayan Sallar da muke nema.

Kawun Yara:
Ni dai ban gamsu ba. Amma ku rubuta, in ga abin da za su ce.

Maman 'Yan Biyu:
Alhaji, na yarda a rubuta yadda Maman Alheri ta faɗa. Zuciyata ta fi son a cire shi, amma in na ce sai haka zan rasa rabin masu sa hannu, in rasa gyaran Maris ɗin ma.

Baba Hedimasta, in makaranta ta amince da 15 ga Janairu, za ka zo ka ba yaran labarin Burma?

Tsohon Hedimasta:
In Allah ya ba ni rai da lafiya zan zo. Akwai lambar yabonsa da hotonsa da kaki a wurin ɗansa a Zariya, zan aika a kawo. Sai dai Turancina na da ne, jikata ta tsaya kusa da ni.

Mai Kula da Zaure:
To Alhamdu lillahi. Malama da Tsohuwar Ɗaliba su rubuta daftarin wasiƙar, a turo nan zuwa daren Alhamis kowa ya duba. Maman Alheri, don Allah ki kai maganar zauren iyayen aji huɗu da na biyar, tunda kina ciki. Zuwa da kai ya fi aike, saboda haka ba ta imel za mu tura ba, mutum huɗu za su kai wa shugabar makaranta hannu da hannu a makon farko na komawa, kafin hutun Mauludi in ya samu. Mai son shiga cikin huɗun ya rubuta sunansa a ƙasa.

Ɗan Damagaram:
A sa ni. Kuma a tuna da minti biyar ɗin nan na taron safe cikin wasiƙar.

Maman 'Yan Biyu:
Ni ma a sa ni. Zan zo da kalandar a buge, na riga na ja layi a ƙarƙashin 23 ga Maris.